Aikin jinya da aure: za a iya haɗa su?

Ƙanwata, kin ce kina sha'awar aikin nas amma kina tsoron aikin dare saboda kina da miji da yara. Tsoronki yana kan hanya, ba zan ɓoye miki ba.

A yawancin asibitocin gwamnati aiki kashi uku ne: safe, yamma da dare. Na dare shi ne mai nauyi. Da kin karɓi aiki za ki zaga gado-gado, ki auna zafin jiki da hawan jini, ki duba ledar ƙarin ruwa kada ta ƙare jini ya biyo roba, ki ba da allura a kan lokacinta. Mara lafiyar da ba ya iya motsi kuwa, sai an juya shi duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambo ya fito masa a baya. Wannan juyin mutane ke rainawa, ni kuwa a wurina shi ke nuna nas ta ƙwarai. Komai kika yi sai kin rubuta, don wadda za ta karɓe ki da safe da rubutunki za ta yi aiki.

Amma bayan jerin kwanakin dare ana ba da hutu, kuma matan aure da yawa suna yi lafiya lau. Ki zauna da maigida tun yanzu, ku tsara wanda zai kwana da yara. Makarantar jinya shekara 3 ce, digiri a jami'a shekara 5, sannan ki ci jarrabawar hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa kafin a ba ki lasisi. Allah ya ba ki sa'a.