Tari ɗaya, takardar magani daban-daban

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ji ana cewa mai tari da mura idan ya ga likita a Holan, sai a ce ya sha farasitamol ya huta, amma a Faransa ko Girka da wuya ya fito ba a rubuta masa antibayotik ba. Su wa ke kan daidai? Ko cutar ce ta bambanta? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, cutar ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne hannun mai rubutawa da tsarin da yake aiki a ciki.

A 2002 an auna antibayotik ɗin da marasa lafiyar da ba a kwantar a asibiti ba ke sha a Turai. A cikin kowane mutum 1,000, Faransa na shan awon yini (wato abin da babba ɗaya kan sha a yini) 32 kullum, Holan 10 kacal. Wani binciken na 2009 ya bi manya masu sabon tari a ƙasashe 13: a wani wurin kashi 20 cikin ɗari aka bai wa antibayotik, a wani kuma kusan kashi 90. Abin lura, warkewarsu ba ta bambanta a zo a gani ba.

Dalili kuwa, yawancin mura da tari da ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo su, antibayotik kuma bakteriya kaɗai yake kashewa. A wani binciken da ya fito a 2013 an gwada antibayotik ɗin amoksisilin, giram 1 sau uku a rana har kwana bakwai, a kan mutum fiye da 2,000 masu tarin ƙirji da ba a zargin nimoniya. Sai an bai wa mutum 30 kafin ɗaya ya tsira daga tsanantar ciwo, alhali ɗaya cikin 21 ya kwashi gudawa, tashin zuciya ko ƙuraje.

To me ke sa likita ya rubuta? Sau da yawa rashin tabbas ne. Ga majinyaci gabansa, kakinsa ya yi kore, kwana goma yana tari, ga layi a waje. Rubuta takarda minti ɗaya ne, bayani kuwa sai an zauna. Nan ne kuskure ya fi yawa: koren kaki ba shaidar bakteriya ba ne, launin daga ƙwayoyin garkuwar jiki yake fitowa, kuma tarin bairos kan kai mako uku.

Ƙasashen da suka rage sun sama wa likita abin dogaro ne. A Holan da Norwe ana sokar yatsa a ɗigi jini a auna sinadarin kumburi na CRP, sakamako ya fito cikin 'yan mintuna. Ƙa'idar da aka yi amfani da ita a Ingila kan sakamakon CRP: ƙasa da miligiram 20 a lita, ba antibayotik, 20 zuwa 100, a ba da takardar jira, wadda ba za a saya ba sai ciwo ya ƙi sauƙi ko ya ƙaru, sama da 100, a fara nan take. Suwidin ta kafa shirin Strama tun 1995 don sa ido kan rubuta magani. Ita ma Faransa ta soma gangamin wayar da kai a 2002, rubutawar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara biyar.

Har irin maganin ya bambanta. Ƙasashen arewacin Turai sun fi riƙe fenisilin V, mai harbin bakteriya ƙalilan. Na kudu sun fi son masu kan-mai-uwa-da-wabi, waɗanda ke kashe har bakteriya masu amfani na hanji, su bar masu taurin kai su yaɗu. Shi ya sa bijirewar bakteriya ga magani ta fi tsanani a inda aka fi sha, kuma wannan ne ya fi damuna.

Amma jira yana da iyaka, Malama. A koma wurin likita ba ɓata lokaci idan numfashi ya yi sauri ko ya yi wuya, ƙirji na suka, leɓe ya sauya launi, kaki ya zo da jini, hankali ya rikice, ko zazzaɓi ya dawo bayan an fara samun sauƙi. Jariri ɗan ƙasa da wata uku mai zazzaɓi, tsoho, da mai ciwon huhu ko na zuciya, ba a sa su cikin masu jira sai likita ya duba su.