Yadda LSU ta ɗauki kofin SEC a 2019

Malam, ka tambayi yadda ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar LSU da ke jihar Louisiana ta ɗauki kofin rukunin SEC, wato gasar jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a 2019. A ganina, magana ta ƙare tun ranar 9 ga Nuwamba, lokacin da yaran Ed Orgeron, kocin LSU, suka bi jami'ar Alabama har gida suka doke ta da maki 46 da 41, bayan sun sha kashi a hannunta sau takwas a jere. Joe Burrow, mai jefa ƙwallo, shi ne ƙashin bayan tawagar, domin sau 60 jifansa ya kai ga ci a wannan kaka. Wasan ƙarshe da jami'ar Jojiya a Atlanta kuwa bai yi wani armashi ba, LSU ta yi nasara da maki 37 da 10.