Ummu Kulsum ta Masar: Ta Yi Aure Kuwa, Kuma Su Waye Aminanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya yi karatu a Azhar, saboda haka da muryar Ummu Kulsum muka tashi a gidanmu. Na sha jin ana cewa ba ta taɓa aure ba, wasu kuma na cewa wani mawallafin waƙoƙinta ne ya so ta har ya mutu bai same ta ba. Ina roƙon a yi mini bayani kan iyalinta da mutanen da ta yi zaman amana da su. Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Maganar farko ba daidai ba ce, domin Ummu Kulsum ta yi aure a 1954, kuma da igiyar auren nan a kanta ta rasu a 1975, sai dai Allah bai ba ta haihuwa ba. Magana ta biyu tana da tushe, amma kafin a kai gare ta ya kamata a fara da gidan mahaifinta, don ba a fahimtar sauran rayuwarta sai ta nan.

An haife ta a ƙauyen Tamay az-Zahayra da ke lardin Daƙahaliyya a arewacin Masar, kuma marubuta tarihi sun kasu kan shekarar, wasu na cewa 1898, wasu 1904. Mahaifinta, Shaihu Ibrahim al-Baltaji, limamin masallacin ƙauyen ne, kuma da yake abin da limancin ke kawowa ba ya riƙe gida, yakan ƙara da rera ƙasidun yabon Annabi a bukukuwan aure da na mauludi. Ɗansa Khalid yake koya wa ƙasidun don ya riƙa yi masa amshi, ita kuwa tana gefe tana saurare har ta haddace, sai wata rana uban ya ji ta tana rerawa da muryar da ta fi ta yayanta ƙarfi. Mahaifiyarta, Fatima al-Maliji, ita ce ta tsaya kai da fata a kan sai yarinyar ta ci gaba da zuwa makarantar allo duk da ƙarancin abin hannu. Wannan tsayuwar ta uwa ta yi rana, domin fitar da haruffa daram da aka san mawaƙiyar da shi, wanda ya sa ko mai koyon Larabci yake tsintar kalmominta ɗaya bayan ɗaya, a karatun Alƙur'ani ta samo shi.

Da Shaihun ya fara fita da ita wuraren taro, sai ya riƙa sanya mata alkyabba da ƙyallen kai irin na samarin Larabawan ƙauye, saboda yana jin nauyin a ce 'yar liman ce ke tsaye gaban maza tana waƙa. Haka suka yi ta zaga garuruwan yankin, shi da Khalid suna bayanta suna amshi, har sunanta ya kai Alƙahira, inda iyalin suka koma da zama wajen 1923. A can ne aka yi abin da nake ganin ya fi kowane abu wuya a tsakaninta da danginta. 'Yan birni suna yaba muryar, amma suna yi wa masu rawunan da ke bayanta kallon ƙauyawa, saboda haka a 1926 ta ajiye uba da yaya daga fagen waƙa, ta ɗauki ƙwararrun makaɗa a madadinsu. Ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta gaya wa mahaifin da ya koya mata sana'a cewa lokacinsa a dandali ya wuce, amma zumunci bai yanke ba. Ta ci gaba da zama tare da su, kuma bayan rasuwar uban a 1932 ita ce ta zama bangon gidan. Gidan da ta gina a unguwar Zamalek ba na mutum ɗaya ba ne, domin dangi ne cike da shi, kuma 'ya'yan 'yan'uwanta ta riƙe su riƙon 'ya'yan cikinta.

Batun aure ya zo mata da ɗaci kafin ya zo da daɗi. A tsakiyar shekarun 1940 Sharif Sabri Basha, kawun Sarki Faruk, ya nemi aurenta, amma gidan sarauta suka ƙi, alhali Sarkin da kansa ya ba ta lambar girma ta Nishan al-Kamal a 1944, wadda aka saba ba matan gidan sarauta da na manyan masu mulki. Wato sun yarda su karrama muryarta, amma ba su yarda 'yar manoman karkara ta zama surukarsu ba, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba da jimawa ba ta amince da wani makaɗi kuma mai tsara kiɗa, Mahmud Sharif, sai masoyanta da jaridu suka yi caa a kan cewa bai kai ba, al'amarin kuma ya wargaje cikin kwanaki kaɗan. A wannan tsakanin ne ciwon maƙoƙo ya taso mata, wanda ya taɓa idanunta har ta koma sanya baƙin tabarau, ya kuma kai ta jinya Amurka. Wanda ta aura a 1954 shi ne Dakta Hasan al-Hifnawi, likitan fata, ɗaya daga cikin likitocin da ke duba ta, wanda dama ya daɗe yana halartar wasanninta. Mutum ne da bai nemi suna da sunan matarsa ba, ita ma ba ta buɗe wa 'yan jarida ƙofar ɗakinta ba, kuma wannan rufin asirin ne ya sa har yau wasu ke zaton ba ta yi aure ba.

Mawallafin da kika ji labarinsa shi ne Ahmad Rami. Ya dawo daga birnin Faris na Faransa a 1924, inda ya je karatun harshen Farisa, ya tarar tana rera wata ƙasidarsa da malaminta Shaihu Abul Ila Muhammad ya sanya wa kiɗa, daga nan suka ƙulla zumuncin da ya ɗauki shekara 50. Ya rubuta mata waƙoƙi fiye da 100, kuma fassararsa ta baitocin Umar Khayyam, mawaƙin Farisa, ce ta rera. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Rami malaminta ne a adabi: ma'aikaci ne a babban ɗakin karatu na ƙasar, yana kawo mata diwanan mawaƙan Larabawa na da suna karantawa tare, har ta kai ga tana iya cewa a canza mata kalma a baiti, a kuma ga cewa gaskiyarta ce. Son da ya yi mata ba ɓoyayye ba ne, ya cika baitocinsa, amma ya auri wata matar ya yi iyalinsa, ya kuma rayu har 1981. Ni a ganina, masu mayar da dangantakarsu tatsuniyar soyayya kawai suna rage wa mutanen biyu daraja.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Muhammad al-Ƙasabji, gwanin kaɗa ud, wato molon Larabawa. Yana cikin makaɗan da ta ɗauka a 1926, kuma kiɗan da ya tsara mata a 1928 ne ya sa faifanta ya yi kasuwar da ba a saba gani ba a lokacin. Ya yi mata aiki har zuwa fim ɗinta na shida kuma na ƙarshe, Fatma, a 1947, bayan haka ta daina karɓar kiɗansa, ta karkata ga wani mai tsara kiɗan, Riyad as-Sunbati. Wani a matsayinsa da ya tattara kayansa ya koma wajen wata mawaƙiyar, domin masu nemansa ba su ƙare ba. Shi kuwa sai ya zauna a kujerarsa ta katako a bayanta, ud a cinya, yana kaɗa abin da wasu suka tsara, ciki har da na waɗanda shi ya koya wa riƙon ud, har ya rasu a 1966. Ana ba da labarin cewa ta bar kujerar nan babu kowa a kanta na wani lokaci bayan rasuwarsa. Ina ganin a nan ba ta kyauta masa yadda ya kamata ba, ko da yake a wajenta ingancin waƙa yana gaba da jin kunyar aboki, kuma da wannan ma'aunin take auna kowa.

Taurin nan nata ya fito fili a tsakaninta da Shaihu Zakariyya Ahmad, shi ma mai tsara kiɗa, wanda ya san ta tun tana ƙauye, yana kuma cikin waɗanda suka ƙarfafa mata gwiwar zuwa Alƙahira. Saɓani kan haƙƙin kuɗin waƙoƙinsa ya kai su kotu, suka yi shekaru fiye da 10 ba sa aiki tare, sai a 1960 aka sulhunta su ya tsara mata waƙa guda, ya kuma rasu a farkon 1961.

Muhammad Abdul Wahab kuwa, mawaƙi kuma mai tsara kiɗa, abokin gogayyarta ne na tsawon shekaru kafin ya zama abokin aiki a 1964, lokacin da suka fitar da waƙar Inta Umri, kuma Shugaba Jamal Abdul Nasir na cikin waɗanda suka matsa a yi wannan haɗuwar. Shi Nasir ɗin, shi ne ya sa aka janye hana sanya waƙoƙinta a rediyo bayan juyin mulkin 1952, lokacin da wasu suka ce ta yi wa tsohon Sarki waƙa. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ta zaga ƙasashe, daga Faransa zuwa Moroko da Tunisiya da Sudan, tana wasa tana miƙa kuɗin ga baitulmalin Masar, kuma tana birnin Mosko a Satumban 1970 labarin rasuwar Nasir ya iske ta, ta fasa wasan ta koma gida. Ita ma ta rasu ranar 3 ga Fabrairun 1975, mijinta Dakta al-Hifnawi yana raye, aka binne ta a maƙabartar Basatin da ke Alƙahira.