Yadda sankarar huhu ke kama jijiyar jini

Hajiya, kin ce a asibitin Korle Bu da ke Accra an gaya muku sankarar huhun Baba ta kai ƙashi, kina tambayar ta yaya. Allah ya ba shi lafiya.

Ta jini take bi. Ƙwayoyin sankara suna ɓallewa daga kumburin su faɗa jijiya, kuma jinin huhu zuciya yake komawa, ita ta watsa shi ko'ina. Yawancinsu mutuwa suke yi a hanya. Waɗanda suka tsira, ƙwayoyin daskarar da jini ne sukan lulluɓe su, su ɓoye su daga garkuwar jiki.

Maƙalewar ce abin mamaki. Bangon jijiya yana fitar da wani furotin, selektin, mai kama sukarin da ke jikin ƙwayar sankarar, kamar ƙarangiya a zane. Riƙon sako-sako ne, sai ta riƙa mirginawa tana rage gudu. Sannan wani furotin, integirin, ya ɗaure ta gam, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon ta fita. Dabarar fararen ƙwayoyin jini ce ta ara. Wasu kuwa girmansu kawai ke maƙale su a siraran jijiyoyi.

Ƙashi, ƙwaƙwalwa da hanta ta fi sauka. Idan ciwon kai ko raunin ƙafa ya taso masa, ku koma asibiti ranar.