Jini da Sara a Finafinan Yaƙin Almara: Ina Iyakar Take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matashi ne a Daura, ina da shagon tura finafinai a waya. Ni da abokaina muna shirin haɗa wani ɗan fim na almara: jarumi da dodanni, da artabun mahaya dawakai, har da wurin sare kan maciji irin na labarin rijiyar Kusugu. Kanmu ya rabu. Wasu sun ce in ba a ga jini yana tsartuwa, kawuna suna gangarawa kamar yadda ake yi a finafinan Amurka da Indiya ba, ba mai kallo. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Tunda jinin ruwan kala ne, dodon kuma kwamfuta ce ta zana shi, akwai laifi? In akwai, ina iyaka?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, malamai sun yi saɓani a kan asalin wasan kwaikwayo da ɗaukar hoton bidiyo, ba kuma shi ka tambaya ba. Zan amsa maka bisa maganar waɗanda suka halatta shi da sharuɗɗa: ba tsiraici, ba cakuɗa ta banza, ba kwaikwayon Annabawa, ba kuma nuna boka a matsayin mai biyan buƙata. Wannan na ƙarshen ku kula da shi, don finafinan almara a nan suka fi zamewa.

Nuna yaƙi a karan kansa ba laifi ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo a bayan Manzon Allah (SAW), kumatunta a jikin nasa, har sai da ta gaji don kanta. Wasan faɗa ke nan da makami, kuma an bari. Mu ma nan Katsina muna ganin 'yan lifida da 'yan bindiga a hawan Sallah, ku a Daura kuna da hawan Gani. Don haka sukuwa, da haɗuwar takubba, da mutum ya faɗi daga kan doki, duk ba a nan matsalar take ba.

Sai mu zo kan jini. A nan dole in faɗa maka gaskiyar ilimi: nassosin da suka hana musla, wato wulaƙanta gawa da yanke gaɓɓanta, a kan jikin gaske suka zo. Wanda ya shafa wa abokinsa jan ruwa a wuya bai yi musla ba, kuma ba zan ɗora masa zunubin wanda ya yi ta ba. Abokanka sun yi daidai a wannan gefen. Inda suka kauce shi ne zaton cewa tunda jinin na ƙarya ne, to abin da yake shukawa a zuciyar mai kallo ma na ƙarya ne.

Shari'a ta hana musla ko a kan maƙiyin da aka kashe a fagen fama. A hadisin Buraida da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) yakan yi wa kwamandan yaƙi wasiyya: kada ku ha'inci ganima, kada ku yi yaudara, kada ku yi musla, kada ku kashe yaro. Gawar ba ta jin zafi, to me ya sa aka hana? Don darajar ɗan Adam, da kuma kare zukatan masu rai daga sabawa da wannan gani. Akwai wani asari, wato labari daga sahabbai, da ya zo daidai da maganarku kamar an auna. Baihaƙi ya ruwaito cewa Uƙbatu ɗan Amir ya kawo wa Sayyidina Abubakar kan wani babban Rumawa daga Sham. Abubakar ya nuna ƙyama. Uƙbatu ya ce ai su ma haka suke yi mana. Sai Abubakar ya ce: koyi da Farisa da Rum za a yi? Kada a sake kawo mini kai, wasiƙa da labari sun wadatar. Ka ji, hujjar "ai haka ake yi a can" ba yau aka fara kawo ta ba. A Muhtasar ma, littafin fiƙihun mazhabar Malik, Shehu Halil ya jera musla da ɗaukar kai zuwa wani gari ko wajen shugaba cikin abubuwan da aka haramta a jihadi.

Dubi yadda Alƙur'ani yake ba da labarin kisa. Kisan farko a bayan ƙasa, wanda ɗan Annabi Adamu ya yi wa ɗan'uwansa, a Suratul Ma'ida aya ta 30, kalma ɗaya ce a Larabci: sai ya kashe shi. Ayar da ke biye kuwa ta tsaya a kan hankakan da ya nuna masa yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa, da nadamar da ta kama shi. Yaƙin Ɗalutu da Jalutu, a Baƙara aya ta 251: Dawuda ya kashe Jalutu. Shi ke nan. Babu wanda ya karanta ya ce labarin bai yi armashi ba.

Saboda haka ma'aunin da nake ba ka ba na yawan jini ba ne, na abin da kyamara take nema ne. In an sari jarumi, jini ya ɓata rigarsa, ya faɗi, aka ga yaƙi ba wasa ba ne, wannan ya halatta gwargwadon buƙatar labari. Har na fi son a ga rauni da kukan iyali a kan fim ɗin da mutum guda zai karkashe ɗari, ko ƙura ba ta taɓa shi ba, yaro ya tashi yana ganin kisa kamar cin ƙwallo. Amma kyamara ta matso, a rage gudun hoto don a daɗe ana kallon wuƙa tana ratsa maƙogwaro, a zaro hanji, a ɗaga kai ana shewa da kiɗan kirari a ƙasa, wannan mafi ƙarancin hukuncinsa karhanci ne mai ƙarfi. In kuwa manufar ita ce mai kallo ya ji daɗin wulaƙanta jikin mutum, ko ka san yara ne za su fi kallo, to ina ganin haramun ne, ta ƙofar toshe kafar ɓarna, wadda asali ce babba a mazhabar Malik.

Dodo da maciji sun fi sauƙi. Kashe maciji mai cutarwa shari'a ta yarda da shi, kuma labarin Bayajidda bai cika sai da kan macijiyar nan. Ku nuna saran, ku nuna kan a jaka, ku wuce. Sai dai dodon da aka ba shi fuska da hannu irin na mutum, yana kuka yana roƙo, hukuncinsa ya kusanci na mutum, ko da an ba shi ƙaho.

Akwai abin da ya sa nake tsanantawa fiye da yadda zan yi a wani wuri. Kwanakin baya na tsaya wani shagon caji wajen Ƙofar Ƙaura, na tarar da yara kusan takwas sun duƙufa a kan waya guda. Wuri ɗaya suke ta maimaitawa, inda gatari ke raba kai biyu, ƙaramin cikinsu yana cewa a dawo da shi baya. Can gefe wani yaro ya juya wa wayar baya, ya toshe kunne da tafin hannu. Mai shagon ya ce mini daga ƙauyukan Batsari iyayensa suka yi gudun hijira. Yaran Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da yawa sun ga irin wannan kisa da idonsu, ba da ruwan kala ba. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, da Safiyya ta taho neman ɗan'uwanta Hamza, Annabi (SAW) ya umarci ɗanta Zubairu ya mayar da ita don kada ta ga muslar da aka yi wa gawarsa, sai da ta nuna ta sani kuma za ta yi haƙuri aka bar ta. Ashe halin mai kallo yana cikin hukunci. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba.

Wannan ya dawo da mu shagonka. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim lambar shekaru irin 12 da 15 da 18. Da zarar an zuba shi a memori lambar ta zama ba ta da mai tsaronta sai kai. Fim ɗin da ka san na 18 ne, yaro ɗan firamare ya miƙo maka waya da kuɗinsa, kada ka tura masa, ko da ya ce yayansa ne ya aiko shi. Naku kuwa, kafin ku sake shi, ku zauna ku kalli wuraren yaƙin ɗaya bayan ɗaya. Duk inda za a cire hoton jinin labari ya tafi daidai, ku cire.

Wallahu a'alamu.