Abin da ya kashe maka zuma a fadamar Galma

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan da ka turo. Ka ce akwatin zuma shida ka kai bakin fadamar kogin Galma da ke kusa da Zariya, ganin ga ruwa ga fure, masu noman rani sun cika wurin da tumatir da kankana da albasa. Sati biyu zumar na aiki ba ji ba gani, sai shekaranjiya ka tarar da gawarsu tuli a ƙofar akwati huɗu. Kana tambaya ko sarauniya ce ta mutu, ko wani ne ya sa maka hannu, ko kuwa ka kwashe su gaba ɗaya.

Sarauniya ba ta da laifi, kuma ka cire zancen sammu daga ranka. Gidan da ya rasa sarauniya ba ya mutuwa dare ɗaya. Daga ƙwai zuwa ƙyanƙyashewar ma'aikaciya kusan sati uku ne, saboda haka 'ya'yan da ke cikin saƙa za su ci gaba da fitowa, gidan ya riƙa raguwa a hankali kamar ruwan randa mai tsaga. In ka buɗe ba za ka ga ƙwai ba, ko ka ga biyu uku a rami ɗaya an manna su barkatai. In kuma kwarkwasa ce ta dame su, ko zafi, ko yunwa, tashi suke yi su bar maka akwati wayam, ba gawa ko ɗaya.

Koma ka ƙara girman hoto na biyu. Dubi bakinsu, kowace harshenta a waje, fikafikai a buɗe. Waɗanda ba su ƙarasa ba ka ce suna rarrafe a ƙasa, suna juyi wuri ɗaya, jiki na ɓari, sun kasa tashi. Wannan guba ce, maganin feshi. Duk inda ka ga mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a gidaje da dama lokaci guda, to ka nemi wanda ya yi feshi a kusa.

Tunaninka na kai su fadama ba wauta ba ne, ni ma na taɓa yin sa. Da rani daji ya bushe, makiyaya da mafarauta sun sa wuta, fadama ce kaɗai kore. Abin da ba ka lissafa ba shi ne gonar rani ba a raba ta da famfon feshi. Tun 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, hannun mutane ya saba da yawan feshi. Wani ko bai ga ƙwaro ba sai ya fesa, don zuciyarsa ta kwanta. Ban ga laifinsu sosai ba. Mutumin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa ba zai tsaya yana kallon tsutsa na cin jarinsa don zumar wani ba.

Shi furen tumatir zuma ba ta damu da shi ba, ba shi da ruwan zaƙi. Inda take faɗawa shi ne furen kankana, kabewa, kokwamba, albasar da aka bari ta yi iri, da ciyayin da ke fure a kan kunya, waɗanda feshin ke sauka a kansu ko ba a nufe su ba. Sannan akwai ruwa, wanda yawancin masu kiwo ke mantawa da shi. Zuma na ɗiban ruwa don ta riƙe ɗumin 'ya'yanta a wajen digiri 35, da kuma sirka abincinsu. Ba ta son tsakiyar kogi, ta fi son laka da ɗan kwantaccen ruwa inda za ta tsaya ba ta nutse ba. To a ina manomi ke dama magani ya wanke famfonsa? A wannan ɗan kwantaccen ruwan. Wata shekara haka na yi asarar amya tara, ina ta zargin fure, ashe wani ɗan rami ne a gefen magudana inda ake ɗauraye tanki kowace safiya. Sai da na tsuguna wurin da hantsi na ga zumata jere a bakin lakar suna sha.

Gobe da asuba ka je ka share gawar ka binne, kada kaji su tsince. Ka rage ƙofar akwatunan da suka raunana zuwa faɗin yatsa biyu, don masu ƙarfi kada su shigo su yi musu fashi. Ka dama sukari da ruwa, gwangwani ɗaya da gwangwani ɗaya, ka sa musu a ciki. Ka samo tsohon kasko ko rabin jarka, ka zuba tsakuwa da karare, ka cika da ruwa mai tsabta a inuwa kusa da su, kada ka bari ya ƙafe ko sau ɗaya. Da ka fara da wannan tun ranar da ka sauke akwatunan da ya fi, domin in zuma ta riga ta saba da mashaya da wuya ta sauya. Zumar da ke cikin waɗannan huɗun kuwa ka bar ta, kada ka tatsa ka kai wa kowa a yanzu.

Babban aikin yana wurin masu gonar, kuma kada ka je musu da faɗa. Kai baƙo ne a fadamar, su suka riga ka. Ka fara da sarkin noma ko dattijon da suke jin maganarsa, ka riƙe ɗan kwalbar zuma a hannu. Abin da za ka roƙa kaɗan ne: feshi ya koma yamma lis, bayan la'asar sakaliya. Furen kankana da sassafe yake buɗewa, kafin yamma ya rufe, zuma kuma ta koma gida. Magunguna irin su saifametirin da lamda sun fi kisa lokacin da suke da danshi a kan fure. Kafin gari ya waye sun bushe, ɓarnar ta ragu, ko da yake ba ta ƙare ba. Su ma ribarsu ce, da yamma iska ta kwanta, rana ba ta ƙone maganin. Ka kuma roƙi su riƙa yi maka waya kwana ɗaya kafin babban feshi, ka toshe ƙofa da ragar waya da daddare, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan murfi. Kada kullen ya wuce yini guda, zafi zai dafa su.

Akwai irin da sauya lokaci ba ya maganinsa. Ka riƙa karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalba, ba babban sunan ba. In ka ga imidakulofirid ko danginsa, wannan shiga jikin shuka yake yi, ya fito a ruwan fure da ƙurarsa. Ba lalle ya kashe nan take ba, sai dai zuma ta rikice ta ɓata hanyar gida. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018. In shi ake zubawa a wurin, ba abin da ya rage sai ƙaura.

Za su ce maka me zumarka ta tsinana musu. Kada ka yi musu, ka nuna musu. Kankana tana da fure namiji da fure tamace, ita tamacen za ka gane ta da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinta. Ka nemi izinin mai gona, da yamma ka zaɓi tamace goma da za su buɗe gobe, ka ɗaure su da ƙyallen tsohon gidan sauro. Wasu goma ka ɗaura musu zare kawai don shaida, ka bar su a buɗe. Bayan sati ku dawo tare. Waɗanda ka rufe za su yi rawaya su zube, domin ba abin da ya kai musu ƙurar namiji. Na yi wa wani mai kankana haka, ya daɗe yana jujjuya busasshen ƙullutun a tafin hannunsa bai ce komai ba. Washegari shi ya aiko yaronsa ya tambaye ni ƙarfe nawa ya kamata ya fesa.

Wannan dabarar ba tawa ba ce, haka masu bincike ke aiki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tun 1922 take, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kuma ta binciken dabbobi a Shika da ta fitar da kazar Shika Brown. Ko iri za su gwada ko abincin awaki, kashi biyu suke yi, su sauya abu ɗaya tak, su rubuta abin da ya biyo baya. Kuma ba zuma kaɗai ce ƙwaron da ke yi wa manomi aiki ba. Lokacin da wani farin ƙwaro ya kusa gamawa da rogo a Afirka, masana a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, ɗan mitsitsin zanzaro suka samo daga ƙasar Faraguwai ta Kudancin Amurka, suka hayayyafa shi, suka fara saki a 1981, har da jirgin sama. Shi ya riƙa saka ƙwai a jikin ƙwaron yana kashe shi. Irin waɗannan masu cin tsutsa suna nan a fadamarku, kuma feshin barkatai tare yake shafe su da zumarka, shi ya sa wani lokaci tsutsa ke dawowa fiye da da.

To mu ma mu yi kashi biyu. Akwati biyun da ba su taɓu ba, da ɗaya daga cikin masu rauni, su zauna a fadama in manoman sun amince da feshin yamma. Sauran ukun mu mai da su gindin ɗorawar nan ta gonata, mangwaro na fure yanzu, ɗorawa da kaɗanya na tafe. Tazarar ta haura kilomita biyar, don haka ba za su koma tsohon wuri ba. In da kusa ne, da safe za ka tarar da su sun taru inda akwatin yake a da. Ka sayi littafi na musamman, kowane akwati da shafinsa: ranar feshi, sunan magani, gawa nawa ka ƙirga a ƙofa, saƙa nawa ke da 'ya'ya.

Wurin da za mu sauke su ka duba kada ya zama kan burtali. Shanu na wucewa can da yamma, in saniya ta soki akwati da ƙaho rigimar da za ta biyo baya ta fi ta feshi.

Ranar Asabar bayan isha zan zo da mota. Ka tanadi igiya, ragar waya, busasshen kashin shanu na hayaƙi, da baƙin mai na shafa wa ƙafafun teburi saboda tururuwa. Ka kuma tsinto mini kwalaben maganin da aka yar a bakin magudana, ko guda uku ne, ka sa su a leda kada ka taɓa da hannu, ina so in karanta jikinsu da idona.