Sarki da sarki ba lallai su haifi sarki ba

A lissafin zane, wato ɗigogi da kibiyoyi ke haɗa su, ka ce wai in ɗigo sarki ne a zanen farko, wani ɗigon kuma sarki ne a zane na biyu, to in an haɗa zanen biyu ai gamayyarsu ma sarki ce. Kai yaro, wane irin haɗi? Da wannan ya kamata ka fara, domin a kan wannan maganar aka taɓa danne mini haƙƙina, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ba zan zauna koya maka ɗigo da kibiya ba, wanda bai san su ba ya koma aji. Sarki dai shi ne ɗigon da ke kai wa ga kowane ɗigo da taku ɗaya ko biyu, yana bin inda kibiya ta nuna. Wani masani mai suna Landau ne ya tabbatar a 1953, wajen nazarin kaji da yadda suke saran juna, cewa muddin a kowace kaza biyu akwai mai saran 'yar uwarta, to wadda ta fi yawan waɗanda take sara tana kai wa ga kowa da taku biyu. Masanin lissafi Moon ya ƙara a 1962 cewa a irin wannan gasa ta kowa da kowa ba a samun sarki biyu cif, ko dai ɗaya, ko uku zuwa sama. Duk wannan a zane guda ne. Da ka haɗa biyu, wato ka gama kowane ɗigo na farko da kowane ɗigo na biyu su zama sabon ɗigo, zance ya sake.

Lokacin da masaƙun Kano ke da sauran numfashi, wani Alhaji ya kira ni wurinsa na buga atamfa, in rubuta masa manhajar da za ta riƙa tafiyar da wani inji. Injin na da ganga biyu, ɗaya mai zanen atamfa 4, ɗaya mai launi 6, bel ɗaya ke jan su, duk bugu kowace ganga ta matsa gida ɗaya. Shi a lissafinsa 4 sau 6 ai 24 ne, har ya riga ya karɓi kuɗin 'yan kasuwa a kan samfuri 24. Ban ko taɓa kwamfuta ba na ce masa, ranka ya daɗe, 12 za ka samu. Na zana masa a takarda: zane na 1 da launi na 1, na 2 da na 2, haka har bugu na 12, sai ga mu mun dawo inda muka faro. Zane na 1 ba zai taɓa haɗuwa da launi na 2 ba ko injin ya shekara yana juyawa, saboda 2 tana raba 4, tana kuma raba 6. Sauran 12 ɗin suna can a wani zagaye dabam da ba hanyar shiga, sai dai a kashe inji a kwance, a matsa ganga ɗaya da hannu.

Na ba shi mafita biyu. Ko a sa kuloci yadda ganga ɗaya za ta iya tsayawa ɗayar na tafiya, ko a mai da gangar zane ta zama mai 5, sai ya sami 30 ringis ba tare da an tsayar da komai ba, tunda in ban da 1 ba lambar da ke raba 5 da 6 tare. Ya yi dariya, ya ce lissafin 'yan boko ne, shi ba zai kashe ko kwabo a kan ƙarfe ba, ai don haka ya ɗauko mai kwamfuta. Na ce manhaja ba ta sake haƙorin giya. Ya ce in yi aikina kawai. Na yi abin da muka shirya, ƙidaya da saitin lokaci da tsayar da inji in zare ya tsinke, komai ya tafi daidai. Da samfuri 12 suka fito, masu kuɗi suka taso masa, sai ya ce da su manhajata ce ta lalace. Ya riƙe cikon kuɗina, ya kuma ɓata mini suna a wurin mutanen da nake sa ran samun aiki daga gare su. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya na ji ya kira makaniki ya sa masa kulocin nan, da takardar da na bari a kan teburinsa aka yi aikin. Na bar shi da Allah.

To, abin da ya faru da injin nan shi ne haɗin da ake cewa na tafiya tare, inda tilas ɓangarorin biyu su yi taku a lokaci guda kamar shanun huɗa. Masanin lissafi McAndrew ya warware shi tun 1963. In a kowane zane ko'ina na kai wa ko'ina, ka nemo lambar da ta fi girma mai raba tsawon duk zagayen da ke cikin na farko (wato hanyar da ke bin kibiya ta dawo inda ta faro), ka nemo ta na biyu, sannan babbar lambar da ke raba su biyun ita ce yawan gutsattsarin da haɗin zai tsage, kamar yadda 4 da 6 suka ba da 2 a injin Alhaji. A irin wannan haɗi, in gasa biyu ka haɗa, babu sarki ko ɗaya. Ka duba: kana son ɓangare na biyu ya matsa, na farko ya kasance inda yake. Ba zai iya tsayawa ba, dole ya fita ya dawo da taku biyu, a gasa kuwa ba kibiyar da ke zuwa ta dawo tsakanin ɗigo biyu.

A haɗin Kartesiya ɓangare ɗaya ne kawai ke motsi a kowane taku, don haka tara nisan ake yi. Biyu da biyu huɗu, sarkinka ya tashi daga sarki, sai fa in kowannensu da taku ɗaya yake kai wa ga kowa. Cikin haɗi ukun nan, a na uku, haɗi mai ƙarfi, ne kaɗai maganarka ta zauna, domin a can ko ɗaya ya motsa ko su motsa tare, nisan kuwa shi ne wanda ya fi tsawo a cikin biyun. Kulocin da na ce a sa ai ƙofar nan yake buɗewa, ya ba ganga damar jira.

Ku yaran yanzu ba ku son fensir. Ku zuba zane a kwamfuta, ta fito muku da amsa, ko tambayar wane haɗi ta yi amfani da shi ba ku yi, ga shi alamar sau (×) ɗin nan wani littafin haɗin tafiya tare yake nufi da ita, wani kuma Kartesiya. Ɗauki takarda. Zana zagaye mai ɗigo 3, wanda duk ɗigonsa sarki ne, ka haɗa shi da irinsa ta hanyoyin nan uku, ɗigo 9 kowanne, ka ƙirga mini sarakunan da hannunka. In ka gama, ka haɗa mai 2 da mai 3 a tafiya tare, ka gaya mini taku nawa ɗigo ke yi kafin ya kai ga wanda ya fi masa nisa. Gobe da safe nake son ganin takardar, kuma kada ka kunna kwamfutar nan.